Gwangwani Shida, Ɗaya da Ruwa

Mahaifina yana jin ruwa a tafin ƙafarsa. Haka ya ce, haka mutane suka yarda, ni ma haka na tashi na tarar. Gadina ne. Ya yi shekara fiye da talatin yana kula da fulawa da bishiyoyi a wani babban gida a Nassarawa GRA, kuma a boskwatan gidan aka haife ni. In wani Alhaji zai haƙa rijiyar burtsatse, a nan unguwar ko can Tudun Wada, sai a aiko direba ya ɗauke shi. Da sun isa sai ya tuɓe takalmi, ya goya hannuwa a baya, ya sunkuyar da kai, ya yi ta zagaya filin ba ya magana da kowa. Inda ya tsaya ya ce "Nan," nan ake kafa inji. Ya ce wani sanyi ne yake taso masa daga ƙasa har gwiwa, kamar wanda ya taka damshin gindin randa. Ba ya karɓar komai sai goro, wai abin da Allah ya ba ka kyauta ba ka kai shi kasuwa.

Ina 'yar shekara takwas na gani da idona. Maƙwabcinmu ya haƙa sau biyu bai samu komai ba sai busasshen dutse. Baba ya zagaya, ya wuce duk inda masu inji suka zana, ya je can lungun bayan gareji ya tsaya. Masu inji suka yi dariya, amma mai gida ya ce a bi tsoho. Kwana biyu bayan haka, ina leƙe ta kan katanga, ruwa ya ɓalle ya yi sama ya kusa tsayin mangwaro, ya zubo a kan mutane suna ta kabbara. Na juya na dubi Baba. Yana tsugune yana gyaran igiyar silifa, ko kai bai ɗaga ba. Ranar nan na kasa cin abinci. Na wuni ina satar kallon ƙafafunsa masu kaushi da faso, ina tunanin me ke cikinsu da babu a nawa.

Amma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ce 'yar fari, Baba kuma mutumin ƙauyen Jigawa ne da ya zo birni da kunyarsa cif, bai zubar da ko kaɗan a hanya ba. Bai taɓa kiran sunana ba. "Waccan" nake, ko "yarinyar nan", in abu ya matsa kuma "ke". In yana son in kawo masa ruwa Inna zai gaya wa, ko da ina zaune a gabansa. Fuskata kuwa ban san ya taɓa dubanta ba. Kullum safiya in tuɓe takalmi a bakin ƙofa, in durƙusa in gaishe shi, shi kuma ya amsa wa ƙasa. Ƙannena suna hawa wuyansa, suna ja masa gemu, yana kiran sunayensu har da kirari. Na san al'ada ce, an gaya mini ya fi sau ɗari, amma sanin bai hana ni jin zafi ba. Ranar da na gama karatu na kawo takardar shaida, ya karɓa da hannu biyu, ya shafa ta, ya ce wa Inna, "Allah ya sa wa abin albarka." Na koma ɗaki na yi kukan haushi. Na ce a raina, mutumin da yake ganin ruwa a ƙarƙashin dutse bai taɓa ganin 'yarsa ba. Maganar nan na riƙe ta shekaru.

Na samu aiki a wani ɗakin gwaji, titi uku daga gidanmu, a wani tsohon gida mai faffaɗar baranda da darbejiya a ƙofa. Muna gwada jini da fitsari, muna kuma gwada ruwan rijiyoyi. Mai wurin mutuniyar Zariya ce, Kirista, mai furfura da tabarau rataye a wuya. Kowa Dakta yake ce mata, ko da yake ba likitar allura ba ce, sinadarai ta karanta. Tana da magana ɗaya da take maimaita mana har mun gaji: "Kar ki gaya mini abin da kike ji, gaya mini abin da kika auna." Ni kuwa na ɗauki maganar na mayar da ita sanda. Ilimi ya hau mini kai, ba na ɓoyewa. Hatta Inna in ta ce jikinta ya ba ta za a yi baƙi, sai na tambaye ta da wane ma'auni.

Wata ranar Laraba wani mutum ya kawo ruwan sabuwar rijiyarsa a gwada, yana ta ba Dakta labarin tsohon gadinan da ya nuna masa wurin. Da ya fita na ce, "Mahaifina ne. Kuma sa'a ce kawai. In ka haƙa da zurfi ai ko'ina ruwa ne."

Dakta ta ɗora tabarau a hanci ta dube ni. "Kin auna?"

Na ce a'a. Ta ce tun tana ɗaliba take sha'awar karanta yadda ake gwada irin waɗannan mutane a ɗakunan gwaji, masu cewa suna ganin abin da ke cikin rufaffiyar ambulan, da masu jin ruwa, da masu sanin tunanin wani. Ta ce ba ta taɓa samun ɗaya a kusa ba, ashe ga shi nan titi uku. "Ki tambaye shi, in zai yarda. In bai yarda ba kar ki matsa masa."

Da la'asar na je na same shi yana wasa almakashin yankan fulawa. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na gaya wa Inna saƙon da ƙarfi don ya ji. Na ƙara da nawa gishirin, na ce zamani ya canza, yanzu komai sai an auna, kuma gara mutum ya san gaskiyar abin da yake gaya wa mutane. Inna ta harare ni. Baba bai daina wasa almakashi ba.

"Gaya wa waccan zan zo," in ji shi. "In gwajinsu ya ƙaryata ni, na bar nuna wa mutane ruwa har abada. Ba zan ci goron bayin Allah a kan ƙarya ba."

Ba haka na so ba. Ni so na yi in ɗan rage masa tsawo, in sa shi ya ɗago ya dube ni ko da da fushi ne. Ban nemi ya ɗora duk mutuncinsa a kan sikeli ba. Abin nan shi ne kaɗai ya sa masu manyan motoci suke durƙusa wa gadina. Amma girman kai ya hana ni janyewa, shi kuma ba mai magana biyu ba ne.

Muka sa ranar Asabar da safe, lokacin da ba ma karɓar mutane. Dakta ta sayo sababbin gwangwanayen fenti guda shida, iri ɗaya sak. Biyar muka cika da busasshen yashi, ɗaya da ruwan da ya kwana a ɗakin don kar ya fi sauran sanyi. Muka rufe su, muka liƙe bakinsu, muka jera su a kan tayil, taku ɗaya tsakanin kowane biyu. Za a yi zagaye goma. Kafin kowane zagaye Dakta za ta fita da Baba baranda a rufe ƙofa, janareta yana ruri don kar a ji motsi, ni kuma in zaro ƙuri'a daga cikin kofi in canza wa gwangwanin ruwan wuri. Shi aikinsa ya bi layin ba tare da ya taɓa komai ba, ya ce ga shi. Dakta ta ce wanda yake cinta kawai zai dace sau ɗaya ko biyu a cikin goma.

Ni na dage sai ni zan jera, kuma ni zan riƙe littafi, don ban yarda da kowa ba. Dakta ta girgiza kai. Ta ce a ƙa'ida wanda ya san amsa ba ya tsayawa a ɗakin, saboda fuska tana tona asiri ko mai ita bai so ba.

Na yi dariya mai ɗaci. "Dakta, ni fa 'yar fari ce."

Ta fashe da dariya, ta tafa hannu. Ta ce ita ma mahaifiyarta har ta rasu ba ta taɓa ambatar sunan babban yayansu ba. "Shi ke nan, ke kam bango ce a wurinsa." Duk da haka ta sa ni na ɗaura takunkumi, ta kuma jingina wayarta a kan kanta tana ɗaukar bidiyo.

Baba ya zo da wankakkiyar rigarsa ta Juma'a. Yana sallama na zame takalmana na ture su gefe, ban ma san na yi ba. Doka ce a ɗakin gwajinmu ba a tsayawa babu takalmi, Dakta ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta dubi tsohon ta fasa. Ban taɓa tsayawa gaban mahaifina da takalmi a ƙafata ba, kuma farar rigar aiki ba ta isa ta canza wannan ba.

Ya yi bisimilla, ya goya hannuwa a baya, ya sunkuyar da kai. Yana bin layin ta wancan gefe, ina bin sa ta wannan gefe da littafi. Ya wuce na ɗaya, ya wuce na biyu, ya wuce na uku. A na huɗu ya tsaya kamar an riƙe masa riga.

"Nan."

Na huɗun ne. Na rubuta, na ce a raina ai makaho ma yakan dace. Zagaye na biyu ya je har ƙarshe ya dawo, ya tsaya a na ɗaya. Shi ne. Na uku, shi ne. Na huɗu, shi ne. A zagaye na biyar tsigar jikina ta tashi. Ni na cika gwangwanayen nan, ni na liƙe su, ni kaina in ban duba ƙuri'a ba ba zan iya bambanta su ba. Ga tsoho nan da bai taɓa shiga aji ba yana takawa a kan tayil mai santsi, nesa da ƙasa da bishiya, yana nuna ruwan da ke kulle cikin ƙarfe. Ɗakin ya yi tsit, ban da rurin janareta. Na ji kamar ana buɗe mini wata ƙofa a jikin duniyar da na ɗauka na gama sani.

Sau ɗaya ya kuskure, a zagaye na bakwai. Birona ya ƙafe, na zagaya bayan tebur ina neman wani, ina can tsaye ya zaɓa, ya zaɓi yashi. Sauran ukun duk ya dace. Tara cikin goma.

Dakta ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake ƙirgawa. Matar da ban taɓa jin ta rasa magana ba sai cewa ta yi a hankali, "Ikon Allah." Baba ya sa takalmi, ya yi mata godiya kamar ita ta yi masa aiki, ya ce yana da shukar da bai ba ruwa ba. Na bi bayansa har gida ina kallon dugadugansa, na koma yarinyar nan ta kan katanga. Tsoro nake ji, da alfahari, da kunyar abin da bakina ya faɗa. A ƙarƙashin duka kuma tsohon ciwon yana nan, har ya ƙaru. Mutumin da yake gani har cikin ƙarfe, ni ce dai ba ya gani.

Ranar Litinin Dakta ta ce sai mun sake. Ta ce ta karya ƙa'idarta da kanta, kuma sakamako mai girma haka ba a gina shi a kan ƙa'idar da aka karya. Wannan karon babu wanda ya san amsa da zai tsaya a ɗakin. Sai ga ni ina faɗa a kan Baba, ni da bakina. Na ce tara fa ya ci, me kuma ake nema, so ake sai an ga bayan tsoho? Ta ce, "Ba ke ce mai cewa sa'a ce ba?" Na ce wancan makon ne. Ta yi murmushi ta ce ma'auni ba ya sanin mako.

Baba bai yi musu ba. Ya ce wa Inna wanda ya yarda da awo sau ɗaya ba ya gudun na biyu.

Asabar ta biyu Dakta ce take zaro ƙuri'a. Ta jera ita kaɗai, ta rubuta a takardarta, ta fita ta ƙofar baya ta je ta zauna cikin motarta a gindin darbejiya, sannan ta danna ham mu shiga. Ni da Baba mu biyu a ɗaki, duk ba mu san komai ba. Ya bi layin ya dawo. Ya sake bi. Ya tsaya a tsakiya ya daɗe, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya sake ajiyewa kamar mai gwada zurfin rafi. Na ga gumi yana tsatso masa a ƙeya.

"Ƙasar ta yi shiru," in ji shi, ba da ni yake ba.

Haka ya daure ya yi ta zaɓa har goma, ni kuma ina ta addu'a a zuci, ni da na jawo abin. Da Dakta ta shigo muka haɗa takardarta da littafina. Biyu cikin goma, daidai da mai cinta.

Ta fara ƙoƙarin yi masa bayani, ya ɗaga hannu. "Likita, ba sai kin wahala ba. Alhamdu lillahi. Gara da na sani kafin a tambaye ni a can lahira." Ya gyara hula ya fita. Ta taga na ga bayansa ya ranƙwafa, kamar shekara goma ta hau shi tsakanin ƙofa da titi. Abin da na nema na samu, kuma ban taɓa ɗanɗanar abu mai ɗaci kamarsa ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Cikin makon wani direba ya zo ɗaukarsa, ya ba shi haƙuri ya mayar da shi. Ya daina cin goro ma gaba ɗaya. Inna ta daina amsa gaisuwata sai da kai. Ni kuma a wurin aiki na zama kamar kurma, na fasa kwalba biyu a rana ɗaya.

Dakta ba ta bar maganar ba. Ta ce, "Biyun na gane. Taran ce ban gane ba." Ta ɗora bidiyon ranar farko a babbar kwamfuta, duk sanda aiki ya lafa sai ta koma kansa. Ranar Alhamis da hantsi ta ƙwala mini kira. Na same ta ta dafe baki da hannu.

"Zauna. Kar ki kalle shi, kar ki kalli gwangwani. Kalli ƙasa, wajen ƙafarki."

Na kalla. Ga ni nan tsaye cikin farar riga da takunkumi, ƙafa ba takalmi. Baba ya wuce na ɗaya, na biyu, na uku, ƙafata tana nan shimfiɗe. Yana zuwa daidai na huɗu sai babban yatsana na hagu ya ɗaga ya hau kan na kusa da shi. Baba ya tsaya. Ta tura gaba. Zagaye na biyu, yatsan ya hau, Baba ya tsaya. Na uku haka, na huɗu haka. A na bakwai ina bayan tebur, ƙafata ba ta fito ba.

Wallahi ban san ina yi ba. Shekara ashirin da takwas ina yawo da yatsan nan ban san yana da baki ba. Mu biyu masu takardun shaida mun zauna mun rufe fuskata da takunkumi, muna dariyar cewa tsoho ba ya kallon 'yar fari, muka manta mu tambayi kanmu ina yake kallo in ya sunkuyar da kai.

Da yamma aka kira shi. Dakta ta ja masa kujera gaban kwamfuta, ni kuma na tsuguna daga gefe. Ya kalla sau ɗaya, ya ce a maimaita. Aka maimaita masa.

"Likita, wallahi tallahi ban san shi nake bi ba. Sanyin na ji, har gwiwa."

Ta ce ta yarda. Ta ce ido yakan ɗauki abu ya miƙa wa jiki ba tare da ya shawarci mai shi ba, sai jikin ya faɗe shi da yarensa. Baba ya gyaɗa kai, idonsa yana kan allon, inda aka tsayar da hoton a kan ƙafata.

"Amma yatsan na san shi," in ji shi. "Tun tana tatata. In ta ɓoye abu, hawa yake. Tana shekara huɗu ta fasa tangaran ɗin uwarta ta tura ƙarƙashin gado, shi ya gaya mini, na je na kwashe kafin a gani. Ranar wata jarrabawa ta ce lafiyarta ƙalau, alhali zazzaɓi ne a jikinta, shi ya sa na bi ta a baya da keke har makaranta, na zauna a waje sai da ta fito. In yunwa take ji, da ta dama take sosa ƙwaurin hagu. In ta yi fushi da ni dugadugai take haɗewa, kuma ta daɗe tana haɗe su." Ya ƙara da cewa, "Ranar da ta kawo takardar gama karatu, yatsun duk a buɗe suke, suna jira in ce wani abu. Na faɗa, amma a ciki."

Duk wannan Dakta yake gaya wa, kamar ba na ɗakin. Na tuna tangaran ɗin, na daɗe ina mamakin yadda ya ɓace ba a dake ni ba. Na tuna na fito daga jarrabawar ina jiri na tarar da shi a bakin ƙofa, ya ce wa maigadin makarantar wucewa ya zo yi.

"Kunya ta hana ni fuska, Likita," in ji shi. "Ba ta hana ni ƙafa ba."

Na kifa kai a gwiwa na yi kuka har da shessheƙa, a gaban uwar ɗakina, cikin farar riga. Mamakin da na ji ranar tara cikin goma bai kai rabin wannan ba. Jin ruwa ta cikin ƙarfe abu ne da zan ba mutane labari su riƙe baki. Wannan kuwa ban san wa zan gaya wa ya gane ba: kullum safiya, tsawon rayuwata, ina durƙuso ina jin haushin yana amsa wa ƙasa, shi kuma yana karanta ni tun daga yatsa har dunduniya. Dakta ma ta cire tabarau tana gogewa, ta daɗe tana goge su.

Daga baya ta gaya masa tana jin haka yake yi da fili. Mutumin da ya shekara talatin kansa a sunkuye yana ganin inda ciyawa ta fi kore, da inda gara ta yi suri, da irin bishiyar da ta yarda ta tsiro, sai ƙafa ta ce masa sanyi. Ta ce wannan ba ta auna ba, zato ne, amma ko kusa ba ta ɗauke shi maƙaryaci ba, ta roƙe shi ya koma. Ya ce, "Cewa na yi in gwaji ya ƙaryata ni. Ya ƙaryata sanyin. Alkawari kaya ne." Bai sake shiga motar kowa ba. In mutum ya matsa, yakan tambaye shi wace bishiya ce a filin, ya ce, "Da ni ne, da kusa da bauren zan gwada. Amma ka kira masu na'ura." Ni na raba shi da abin nan, kuma har yau ban gama yafe wa kaina ba. Goro dai ya koma ci, ni nake sayo masa.

Tsakaninmu kuwa a ido babu abin da ya canza. "Waccan" nake har yanzu. Sai dai na koma zuwa gaisuwa da lalle a ƙafa, ina kuma daɗewa a durƙushe fiye da da.

Shekara shida bayan haka ƙafafunsa suka fara kumbura. Ni na ɗebi jininsa da hannuna, ya kau da kai yana kallon bango. Ni na gwada, na sake gwadawa, na kai wa Dakta ta gwada na uku. Ƙoda ce, kuma ta yi nisa. Likitan da muka nuna wa ya ce a lallaɓa shi, a ba shi abin da yake so.

Na yanke shawarar ba zan gaya masa ba. Washegari da safe na tsaya gaban madubi ina koya wa fuskata murmushi, sai na tuna, na yi tsaki. Na buɗe akwati na ɗauko safa mai kauri, irin ta sanyi, na sa. Tsakiyar bazara ce, tun ƙarfe takwas gari ya ɗauki zafi.

Na same shi kishingiɗe a tabarma a ƙofar ɗaki, Inna tana yi masa fifita. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na gaishe shi. Na ce wa Inna sakamako ya fito, ba wani abu ba ne, gajiya ce da shekaru, magani za a ba shi. Muryata ba ta yi rawa ba ko kaɗan, har na ji daɗin kaina.

Baba yana kallon ƙasa yadda ya saba.

"Safa," in ji shi, "a wannan zafi?"

Ya ce wa Inna ta je ta dubo masa kunu, ta tashi ta bar mu.

"Ke," ya ce. "Cire su, kar ki dafa ƙafarki a banza. Na riga na ji."

Na zauna na cire. Yatsan yana can a haye, na yi na yi ya sauka ya ƙi. Baba ya yunƙura da ƙyar, ya miƙo hannunsa mai kaushi, ya sauke shi a hankali ya daidaita shi da 'yan'uwansa. Bai janye hannun ba. Yana riƙe da ƙafar har Inna ta dawo da kunun.